Tsadar kayan gwamnati ba duka ba ce sata

Idan aka ji ma'aikata ta sayi bandir ɗin takarda da tsada, maganar gari ɗaya ce: wani ya ci rabonsa. Sau da yawa kuwa haka ne. Amma da na koma karatu a fannin sayen kaya, ina kuma aiki a sashen, sai na lura da wata ɓarnar da ba a cika zancenta ba.

A 2009 masaniyar tattalin arziki Oriana Bandiera da abokan aikinta biyu suka fitar da bincike kan Italiya. Sun kwatanta farashin da hukumomi daban-daban ke biya a kan kaya iri ɗaya, suka kuma duba waɗanda ke komawa saye ta hannun Consip, hukumar da ke yi wa gwamnati ciniki a dunƙule. Sama da kashi 80 cikin 100 na asarar da ake yi wajen sayen kaya da tsada ba cin hanci ya jawo ta ba. Sakaci ne, da rashin iya ciniki, da tarin ƙa'idoji. Daga baya aka yi gwaji a lardin Punjab na Pakistan: aka sakar wa jami'an saye mara kaɗan, aka rage musu jiran sa hannun na sama, farashi ya sauka da kusan kashi 9.

Italiya ba Najeriya ba ce, amma na ga irin wannan a teburina. Wani ɗan kwangila da na tambaya dalilin tsadar kujerunsa cewa ya yi, "Ranka ya daɗe, yaushe za a biya ni? Bashin banki na ci." Kuɗin ruwa da faɗuwar naira duk ya zuba su cikin farashi, domin ya san fayil zai yi watanni yana yawo daga ofis zuwa ofis. Babu wanda ya saci sisi, amma gwamnati ta biya kuɗin jinkirinta.

Dokar sayen kaya ta Najeriya ta 2007, wadda ta kafa BPP, hukumar da ke sa ido kan sayen kayan gwamnati, ta yi amfani, ba na musu. Ta wajabta tallata kwangila da buɗe tayi a gaban jama'a. Sai dai abin da ta ce shi ne a ɗauki mafi arha cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa, mu kuwa rabin farko kawai muka riƙe. Jami'in da ke tsoron takardar tuhuma gara ya zaɓi mafi arha ko da ya san katakon ɗanye ne, tunda mai binciken kuɗi farashi zai duba, ba zai je ajin makaranta ya ga kujerar da ta karye kafin ƙarshen zango ba.