Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo

Makon jiya na ce zan ba ku labarin tasowar su Ummi, amma ku yi haƙuri, maganar Inna ce ta sake hana ni barci. Ranar da likitan nan ya tsaya a kanta ya yanke cewa tiyatar gwiwa za a yi, Yaya yake kallo yana bayani kamar ita ba ta wurin, bai tambaye ta komai ba, alhali ita damuwarta ɗaya ce, in ta kwanta makonni wa zai riƙa juya Baba a gado? Da muka fito ta ce min, "Ke, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo." Ni kuwa da karatun nas ɗina a kai na ce Inna ki bari, sun fi mu sani. Wallahi har yau kalmar nan tana ci na.

Ina aiki a Ingila a 2015 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Nadine Montgomery, mai ciwon suga da ba a gaya mata cewa kafaɗar jariri na iya maƙalewa wajen haihuwa ba, haɗarin da ya kai 9 zuwa 10 cikin 100, kuma ya maƙale ɗin, yaron ya samu lahani. Kotu ta ce dole a faɗa wa mara lafiya duk haɗarin da shi zai ɗauka da muhimmanci. Ina karantawa Inna kawai nake gani.

Shekarun tsakani ba abin faɗa, aiki ne da gajiya. A 2021 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Ingila, ta fitar da ƙa'idar yanke shawara tare da mara lafiya, aka tura mu horo: ki jera masa zaɓin da ke akwai har da na barin abin yadda yake, ki ce mutum 10 cikin 100 maimakon "ba kasafai ba", ki sa ya maimaita da bakinsa don ki san ya gane, wasiƙar asibiti ma shi za a rubuta wa kai tsaye. A takarda kam ya yi kyau. Wani babban likitanmu ya ce ai shi da ma haka yake yi, mutumin da ko numfashi ba ya bari mara lafiya ya ja! Ya danna "an tattauna" a kwamfuta, shi ke nan.

Ni ma fa ba zan wanke kaina ba. Akwai dattijon da ya fara ce min matarsa ba ta da mai kula da ita, layi ya yi tsawo, na miƙa masa biro na nuna inda zai sa hannu. Sai da ya fita na ji muryar Inna, na bar fayil ɗin a tebur na bi shi har bakin lif. Abin da ya ce min sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.