Uwar da ta ga ɗanta a talabijin

Jiya wani ya turo hoton babban masallacin Grozny, babban birnin yankin Checheniya na ƙasar Rasha, a guruf ɗinmu na WhatsApp, wanda aka buɗe a 2008, fitilu ko'ina, kowa sai masha Allah yake ta rubutawa. Ni kuwa Fatima Bazorkina ce ta faɗo min a rai.

A watan Fabrairun 2000 ne, yaƙi na biyu tsakanin Rasha da 'yan awaren Checheniya ya yi zafi, mayaƙan Checheniya sun fice daga Grozny, sojojin Rasha suka damƙe da yawa a ƙauyen Alkhan-Kala. Baiwar Allahn nan tana kallon labarai kawai sai ga ɗanta Khadzhi-Murat Yandiyev a hannun sojoji. Daga baya ta samo cikakken faifan, a ciki ga Janar Aleksandr Baranov yana masa tambayoyi, ƙarshe ya ce a tafi da shi a harbe. Tun ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta bi ofisoshi, ta bi gidajen yari, ba gawa ba kabari, ka ga ko zaman makoki ba za ta iya yi ba tunda ba ta san ko za ta ce Allah ya jiƙansa ko Allah ya dawo da shi ba.

Kuma 'yan Checheniya ba yau suka fara ganin tasku ba. Ranar 23 ga Fabrairu 1944 Stalin, shugaban Tarayyar Soviet, ya kwashe su kaf tare da maƙwabtansu 'yan Ingush, kusan rabin miliyan, aka loda su a taragon dabbobi zuwa Kazakistan da Kirgistan, sai 1957 aka bari suka koma. Dzhokhar Dudayev da ya ayyana 'yancin kan Checheniya a 1991, a can gudun hijirar ya taso.

Ba wai ina wanke mayaƙan ba ne, garkuwar da mutanen Shamil Basayev, ɗaya daga cikin kwamandojinsu, suka yi da jama'a a makarantar garin Beslan a 2004, yara 186 suka mutu, wallahi ba hujjar da za ta goge wannan. Amma wanda ke tsare a hannunka kotu ake kai shi.

A Yulin 2006 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ɗora wa Rasha alhakin ɓacewar Yandiyev. Shi Baranov ko gaban alƙali ba a kai shi ba. Natalya Estemirova ta ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Memorial, wadda ke bin gida-gida tana rubuta sunayen irin waɗannan da aka ɓatar, ita ma ranar 15 ga Yuli 2009 aka sace ta a ƙofar gidanta a Grozny, aka tsinci gawarta a Ingushetiya ranar.