Ranar da ɗalibai suka koma xalibai

Har yau in na ga harafin x a cikin rubutun Hausa sai gabana ya faɗi. Kalanda dubu ɗaya ce, girman A2, launi huɗu, ta walimar saukar Alƙur'ani ta wata Islamiyya a Anguwan Rogo da ke Jos, kuma ni na tsara ta tun daga Bismillah har lambar wayar da ke ƙasa. Shekarata takwas ina aiki da manhajar zane ta CorelDRAW a ɗan shagona na Bauchi Road. Da sabon shiga ne ya yi abin da na yi, da sai a ce ƙuruciya ce.

Duk abin da na saba jin tsoro na kiyaye shi. Launuka na mayar da su CMYK, tsarin launi huɗu na maɗaba'a, tun farko, don na san koren nan mai walƙiya da RGB ke nunawa a fuskar kwamfuta ba ya fita haka a takarda. Hotunan mahaddata na hana a turo mini su ta WhatsApp, wanda ke matse hoto har fuska ta dagule, na je da kaina na ɗauka, suka zauna a 300 dpi. Na bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Ƙananan rubutu na sa su baƙi zalla, don kada su yi inuwa in farantan bugu ba su hau kan juna daidai ba. Kwanakin Hijiriyya kuwa Malamin makarantar da kansa ya bi su, daga Janairun 2025 da ya zo daidai da Rajab 1446 har ƙarshen shekara.

Sunayen ɗalibai 63 da jawabin godiya ne suka zo mini a Word daga wajen mai buga wa makarantar takardu. Dattijo ne, kuma da tsohon font ɗin nan na Hausa, wato salon haruffan kwamfuta, yake aiki, irin wanda aka ɓoye ƙ a kan q, ɗ a kan x, ɓ a kan v, tunda Hausar boko ba ta amfani da waɗannan ukun. Kana danna x, ɗ ke fitowa. Dabara ce mai kyau a zamaninta, amma lanƙwasar riga ce kawai, abin da ke ciki x ne. Ya haɗo mini da font ɗin a filashi, na saka a kwamfutata, komai ya fito tas. Har taken kalandar da shi na rubuta, don aikin ya tafi bai ɗaya.

Ranar Laraba da yamma Oga mai maɗaba'a ya kira, wai in fayil bai iso kafin Isha ba sai wani mako, layin ƙarshen shekara ya yi tsawo. Walima kuwa Lahadi. An ɗauke wuta, batir na kuka. Na tura masa ɗanyen fayil ɗin Corel yadda yake, ban mayar da rubutun zane ba, abin da muke cewa yin kob. Maɓalli biyu ne kacal, Ctrl da Q. Wato q ɗin da ya kunyata ni, shi ne kuma maganin da ban danna ba.

Wajen sha ɗaya na dare yaron Oga ya ɗauko hoton fuskar kwamfutarsu ya turo mini in duba. Wanda ya san sanyin Jos a Disamba ya san inda nake a lokacin: cikin bargo, hannu ɗaya a waje. Na buɗa saman hoton, na ga "Walimar Saukar Alqur'ani Mai Girma". To mutum nawa ne ke rubuta Alƙur'ani da q? Idona ya wuce. Na gangara kan sunaye, Ruqayya, Bilqisu, duk ido ya saba da su a haka. Rubutun ya ɗan yi mini wani iri, na ce ƙanƙantar hoton ne. Na rubuta kalma biyu, "a buga", na juya na yi barci.

Bayan sallar Juma'a na isa maɗaba'ar, can bayan Terminus. Ga kalandu an jibge a kan katako, warin tawada ya cika ɗakin. Na zaro ɗaya. Wallahi launin ya yi kyau, koren ya zauna, fuskokin yara tar. Sai na fara karantawa. "Godiya ta musamman ga iyayen xalibai." "Vangaren mata." "Qarqashin jagorancin..." "Qarfe 10:00 na safe." Duk mai suna Ɗahiru ya koma Xahiru. Na zaro ta tsakiya, na zaro ta ƙasa, kamar wata za ta fito daban. Bismillah da ayar da ke sama ne kaɗai suka tsira, su ma don tun a zane na same su.

Abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne. Kwamfutarsu ba ta da font ɗin dattijo. In Corel ya buɗe fayil bai ga font ba, yakan fito da gargaɗi, ya nuna wanda zai maye gurbinsa da shi. Yaron ya danna amincewa kamar yadda yake dannawa sau ashirin a rana, rigar ta zame, x ya fito tsirara.

Na ce, "Oga, yaronka ya ga gargaɗi, me zai hana ya kira ni?" Bai ce komai ba, ya ɗauko waya ya nuna mini "a buga". Mutumin yana jin Hausa kamar jakin Kano, amma bai taɓa zama ya karanta ta ba. Ya ce, "Ɗan'uwa, ni na ɗauka haka kuke rubuta ta." Har yanzu ina ganin kiran minti ɗaya bai fi ƙarfinsu ba, kuma haushin bai gama sakina ba. Sai dai da yatsana na rubuta kalmomin nan biyu.

Lissafin ya fi zagi ciwo. Da baƙin rubutu ne kaɗai ya lalace, faranti ɗaya za a sake. Amma taken fari ne a kan kore, kore kuwa shuɗi ne da rawaya, don haka faranti uku suka tafi, na ja ne kawai ya tsira. Ga sabuwar takarda, ga kuɗin kwanan mai injin, ga ƙarfen baki da aka riga aka matsa wa kusan rabi. Ribar aikin ta tafi, ta ja ta wasu ayyuka biyu suka bi ta. An gama bugu na biyu Asabar da dare, tawada ba ta gama shan iska ba muka loda a Keke.

Tun daga ranar fayil biyu nake ajiyewa, ɗaya mai rai don gyara, ɗaya da na zaɓi komai na danna Ctrl da Q. Sannan in shiga bayanan fayil in tabbatar ba sauran font ko ɗaya da ya rage, don rubutun da ke cushe cikin wani zane yakan kuɓuce. In Oga bai matsa ba, PDF nake ba shi. Duk rubutun da ya zo da tsohon font sai na sauya shi zuwa ƙ, ɗ da ɓ na gaskiya, irin waɗanda allon rubutun waya ke fitarwa, in sa Noto ko Charis SIL ko Gentium da na san suna ɗauke da su. Wannan ma ba ya hana ni yin kob, domin yawancin font masu ado da muke so a katin biki ba su san ƙ ba, akwati suke ajiyewa a gurbinta. Kuma na daina amincewa da hoton waya. Sai an fitar mini da gwaji a takarda daga kwamfutar maɗaba'ar, in karanta da ƙarfi tun daga ƙasa zuwa sama, in miƙa wa wani da bai taɓa ganin aikin ba.

Na yi niyyar rage asara, in sayar wa masu tsire da masu ƙosai lalatattun a kilo. Da na gaya wa Malam bayan walima, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, da ayar a jiki?" Kunya ta rufe ni. Ranar Litinin ya sa manyan ɗalibai suka haƙa rami a bayan makaranta, muka ƙona su kaɗan-kaɗan, don takarda mai sheƙi ba ta cin wuta da sauri. Har aka kira Azahar muna juya ta da sanda.