Katina na hannun maigida ranar da Legas ta yamutse

Har yau raina na ɓaci in na tuna katin shaidata na ɗan Nijar yana kulle a durowar maigidana. Wai jingina ya riƙe, kada in gudu da cinikin shago.

Ranar Talata, 20 ga Oktoba 2020, gwamnan Legas Sanwo-Olu ya sa dokar hana fita ta awa 24 saboda zanga-zangar EndSARS ta adawa da cin zalin 'yan sanda. Maigida ya shige gidansa ya kashe waya. Ni ina Agege, daga ni sai 'yan canjin da ke aljihuna. Kafin mu ankara, rikici ya koma na ƙabilanci a Fagba, aka cinna wa manyan motoci wuta, hayaƙin muna hango shi daga bakin layi.

Ɗan Nijar a irin wannan rana yana tsaka mai wuya. 'Yan daba ba ruwansu da ƙasarka, hula da doguwar riga sun ishe su shaida. A shingen jami'an tsaro kuwa, wanda ya tare mu Bahaushe ne, ina buɗe baki ya ji Hausar Maraɗi. "Malam, ina takardarka?" Sai zaman dirshan a kan kwalta, rana na dukana, har kuɗin abincina suka tafi. Komawa gida? A lokacin iyakokin Najeriya na tudu a rufe suke tun Agusta 2019, mai takarda ma ya sha tambaya, balle ni.

Iya, Bayarabiyar da nake haya a gidanta, ita ta rufa min asiri. Ta ce in cire hula in shiga ɗakin jikokinta, ta tsaya a ƙofa tana ce wa samarin unguwa ba baƙo a gidan. Allah ya saka mata.

Don haka 'yan uwa, katinku ya kwana a aljihunku, hotonsa a waya, kwafi a wajen wani ɗan garinku. Ku ajiye tsabar kuɗi da garin kwaki, don masu POS duk sun ɓace a wancan makon. Muryoyin WhatsApp masu cewa "ga su nan zuwa" kuwa, ku kira mutumin da ke wurin kafin ku fita da gudu. Lambar shugaban 'yan Nijar na unguwarku ma ta zauna a wayarku.

Da ƙura ta lafa maigida ya buɗe waya, tambayarsa ta farko ko shago lafiya. Na karɓi katina, na miƙa masa makullinsa.