Motar da ta yi wata uku a Tokomaru Bay

Motoci biyar gare ni, duka Toyota Hiace ne da aka gyara cikinsu: gado, murhun gas, ƙaramin firji, tankin ruwa da bayan gida. Haya nake ba masu yawon buɗe ido a nan Napier, gabashin tsibirin arewa na Niyu Zilan. Kasuwarmu daga Disamba zuwa Maris take, lokacin zafin ƙasar nan, abin da ka samu a watannin shi za ka ci har shekara ta zagayo. Ana tsakiyar wannan kaka guguwar Gabrielle ta sauka, daren 13 ga Fabrairun 2023. Washegari gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ta ƙasa, karo na uku ke nan a tarihinta. Mutum 11 suka rasu.

Huɗu daga motocin suna gareji. Ta biyar tana hannun wasu mata da miji 'yan Holan, can Tokomaru Bay, ƙauyen bakin teku mai nisan kilomita 90 arewa da Gisborne. Ruwa ya karya gadar Hikuwai ta kudu, zaftarewar ƙasa ta toshe hanyar arewa. Su dai sun samu sun fita daga baya, motar kuwa suka bar ta a gidan wata dattijuwa, suka turo mini hoton makulli rataye a ƙusa. Masu ajiyar haya suka dinga sokewa, ni ina mayar da kuɗi, inshora kuma yana cewa motar da ba ta lalace ba babu abin da zai biya a kanta. Gaskiyarsu ce a takarda, amma har yau abin yana ci mini rai.

Sai tsakiyar Mayu aka buɗe hanyar Napier zuwa Wairoa, bayan an kafa gadar ƙarfe ta wucin gadi a Waikare. Na ɗauki ɗan ƙanwata da ke taya ni aiki, muka shiga ɗaya daga motocin da batir sabo da jarkar dizal. Da ma ba na sakin mai haya kan hanyar da ban taka da tayata ba.

Kwarin Esk na sani da gonakin inabi. Ranar ban gane shi ba. Laka ta bushe ta yi fari-fari kamar toka, ta binne gidaje har taga, ga rufin motoci yana leƙowa daga ƙasa. Layin dogo ya tashi daga mazauninsa ya lanƙwashe kamar waya. Yaron nan mai surutu ne, amma sai da muka yi nisa ya ce, "Kawu, mutanen gidajen nan fa?" Ban amsa ba, ina fama da giya, don Hiace mai dogon rufi da tanki cike da ruwa ba ta son hanya mai layi ɗaya a gefen rami. Kilomita 215 zuwa Gisborne da muke yi a awa uku, yini guda ta ci mana. A can muka kwana cikin mota.

Daga Gisborne zuwa sama abin da ya fi tsaya mini shi ne itatuwa. Kamfanonin katako suna sare dazukan fayin a kan tuddai su bar rassa da gungume a wurin. Ruwa ya kwaso su duka, su ne suka daki gadoji, suka cika rairayin Tolaga Bay har ba ka ganin yashi. A Hikuwai muka bi wata hanyar ratse ta tsakuwa da mutanen yankin suka fasa da kansu ta cikin gona. Yarjejeniyar hayata ta hana bin irin wannan hanya, ga ni mai rubuta ta ina kai.

Tokomaru Bay ƙasar Ngāti Porou ce, wata ƙabilar Māori, gari shiru, da kangon tsohuwar masana'antar daskarar da nama a ƙarshen gaɓa. Na tarar da motata ƙarƙashin rumfa, an wanke ta. Tun a hanya nake shirya hancina don warin firji, na buɗe na same shi fes, an soka tsumma a ƙofar don iska ta shiga. Fumfuna ta ɗan kama labule, shi ke nan.

"Whaea," na ce wa dattijuwar, haka ake kiran uwa a nan, "nawa ne kuɗin ajiya?"

Ta yi dariya. Ta ce kwanakin da babu wuta, farantin sola na kan motar ne ya caja wayoyin layinsu, murhun kuma ya dafa shayin tsofaffi har gas ya ƙare, don haka ita ce mai bashi a wuya. Muka yi ta ja, a ƙarshe ta karɓi tukunyar gas cikakkiya da buhun shinkafar da muka zo da shi, ta cika mana leda da kifi mai hayaƙi.

Batirin bai ma mutu ba, jikanta yana tayar da injin duk Asabar. Na duba mita, kilomita 60 sun ƙaru a kan abin da 'yan Holan suka rubuto mini. Dizal a ƙasar nan ana biyan harajin hanya ne bisa kilomita, na rubuta sittin ɗin a littafi da sunana, na miƙa wa yaro makullin ɗayar muka juyo.