Idon Malam ya buɗe: godiyar iyalansa

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Alhamdulillahi, mun dawo Katsina. Baba yana ɗakinsa, kuma yana gani. Na san abin da yawancinku ke jira su ji ke nan, shi ya sa na sa shi a gaba. Likita ya sake duba idon kafin mu taso daga Kano, ya ce wurin aikin cire yanar ido da aka yi masa yana warkewa yadda ake so, hawan jinin da idon ya yi wani dare ma ya sauka ya zauna. Jiya da hantsi daga kan gadonsa ya karanta kalandar da ke bango, ya ce mana an bar ta a watan da ya wuce. Inna ta fita tsakar gida ta yi ta kuka.

Ba zan sake jero labarin ba. Kun bi shi tare da mu tun daga ranar da aka ce hawan jinin ido ya riga ya tafi da na hagu, yanar ido kuma ta rufe na dama, ga suga ya ƙi sauka balle a sa ranar aiki. Ko da ina so in maimaita, gajiya ba za ta bar ni ba, rabona da barcin kirki har na manta. Duk wanda ya kira bai same ni ba, wannan rubutun ne amsarsa.

Abin da ban taɓa rubutawa a nan ba shi ne shirun Baba. Ku da ya koyar kun san mutum ne da ba ya ganin abu ya wuce shi ba bayani. Tun yana ɗan firamare a 1969, da ya ji a rediyon kawunsa cewa ɗan sama-jannatin Amurka Armstrong ya taka wata, hankalinsa ya tafi sama bai dawo ba. Shekara 35 yana koyar da fiziks a sakandare, da ya yi ritaya ajin ya dawo tsakar gidanmu. Mun tashi mun ga gidanmu ne kaɗai a unguwa ake murna in an ɗauke wuta, saboda sama za ta fito sosai. Bayan isha'i sai ya shimfiɗa tabarma, ya nuna mana kaza da 'ya'yanta, ya ce kowa ya ƙirga nawa idonsa ke iya kamawa. Ya nuna Zara, ya ce ita duniya ce maƙwabciyar tamu, hasken rana take aro, kuma ita ce dai ke komawa fitowa da asuba a wasu watannin. Madubin hangen nesansa, wanda ya saya na hannu da kuɗin adashi tun ban shiga makaranta ba, da wuya a sami yaro a layinmu da bai taɓa kanga ido a bakinsa ya ga watanni huɗu da ke kewaya duniyar Mushtari (Jupiter) jere a gefenta ba, waɗanda Galileo ya gano a 1610. To wannan mutumin ne ya daina magana. Sau ɗaya ya ce mini duniya ta koma masa kamar hazon hunturu da ya ƙi washewa, daga nan bai ƙara ba. Ya sa aka mayar da madubin cikin akwatinsa aka tura ƙarƙashin gado. Tsoron da na ji a ranar ya fi na ranar da aka karanta mana sakamakon gwaji.

Safiyar aikin muna zaune a benci a ƙofar tiyata, an sa masa rigar asibiti da hula, an ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido. Hannunsa na cikin nawa, sanyi ƙalau, yana rawa. Ido ɗaya ya rage, kuma ya fi kowa a wurin sanin abin da hakan ke nufi. Sai ga likitan ya fito. Ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, zan kuma kiyaye, amma 'yan ajin 2006 duk kun san shi, shi ne monitanku. Da kayan aiki a jikinsa ya tsugunna gaban Baba har ƙasa, ya gaishe shi, sannan ya ce: "Allah gafarta Malam, akwai abin da ya ɗan shige mini, ina so a tuna mini kafin mu shiga. In na cire madubin cikin idon nan ban sa wani ba, ina hasken zai je ya haɗu?"

Baba ya yi jim. Can sai ya ce, "Haba Likita, wannan ai tun kuna aji biyar muka yi shi." Ya saki hannuna, ya lalubo tafin hannun likitan, ya fara ja masa layuka da yatsa. Ga haske ya shigo, ga fatar gaban ido ta lanƙwasa shi, ita ce ma ke yin wajen kashi biyu cikin uku na aikin, madubin ciki ne ke ƙarasawa. In babu shi, hasken zai isa labulen bayan ido bai gama haɗuwa ba, mutum ya ga komai dishi-dishi. Ya tambayi tsawon idonsa da aka auna, aka ce milimita 23 da ɗoriya. Ya tambayi ƙarfin gilashin da za a dasa masa, aka ce lamba 21. Ya ɗan motsa leɓɓa yana lissafi, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ya yi." Daga nan bai tsaya ba. Ma'aikaciyar jinyar da ta zo tafiya da shi ita ya kama da labarin Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira kimanin shekara dubu da ta wuce, wanda ya tabbatar da cewa gani yana samuwa ne idan haske ya shiga ido, lokacin da da yawa ke zaton ido ne ke harba haske waje. Da ƙafarsa ya shiga ɗakin nan, yana magana.

Mutumin da ke wannan aikin kusan kullum, babu abin da ya shige masa. Ni na sani, kuma na tabbata Baba ma ya sani. Ɗan'uwana, Allah ya tsare maka idonka da hannunka, ya saka wa iyayen da suka yi maka tarbiyya da Aljanna, ya ba ka 'ya'yan da za su tsugunna gabanka ranar da ƙarfi ya ƙare. Likitan ne kuma ya taso cikin dare lokacin da idon ya hau, Baba na amai yana riƙe da kai. Ya zo da jallabiya da silifas, bai tafi ba sai da ciwon ya lafa, ana kiran assalatu.

'Yan ajin 2006, ban san da wane baki zan gode muku ba. Ban roƙe ku ba, ban ma san kuna da zaure a WhatsApp ba sai da na je biyan kuɗi aka ce mini an riga an biya. Da na matsa da tambaya, wata daga cikinku, wadda yanzu take koyar da lissafi a Funtuwa, ta ce mini bashin ranar husufi kuke ragewa. Ina jin wasu masu karatu ba su san zancen ba. Ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, inuwar wata ta ratsa ta kan Gusau da Katsina da Maraɗi da Damagaram, rana ta rufe ruf wajen ƙarfe goma da rabi na safe. Baba ya yi makonni yana shiri. Ya tara kwalayen sabulu ya huda su da allura, ya koya wa ɗalibai su juya wa rana baya su kalli hotonta a kan farar takarda, ya bi aji aji yana gargaɗin kada wanda ya kalle ta da ido tsirara ko ta gilashin da aka turara da hayaƙi. Ya je wurin limamin unguwa suka zauna, aka sanar da mutane lokacin tun da wuri, aka shirya sallar kusufi, aka tuna musu hadisin da ya ce rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ni ina ƙarama amma ban manta ba: hasken da ke ratsowa ta ganyen bedi ya zube a ƙasa duk ya koma siffar jinjirin wata, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, Zara ta fito da rana tsaka. Fiye da minti uku ana cikin duhu. Da haske ya dawo, wai kafin kowa ya gama salati Baba ya riga ya hau bayani: wata ya fi rana ƙanƙanta kusan sau 400, ya kuma fi ta kusa da mu kusan sau 400, shi ya sa ya rufe ta cif. Sai ya ce ku duba wannan awo, ku san girman wanda ya auna. Allah ya biya ku, ya albarkaci dukiyarku da zuriyarku, ya sa kada ku nema ku rasa.

Maƙwabcinmu direba, mai gida na uku daga masallaci, ya ajiye lodinsa ya kai mu, ya koma ya ɗauko mu, ko kuɗin mai ya ƙi karɓa. A tafiya Baba bai ce masa uffan ba. A dawowa kuwa, da baƙin tabarau a fuska, tun kafin Bichi ya fara ba shi labarin tashar bibiyar kumbo da Amurkawa suka kafa a Kano, wadda tana cikin waɗanda suka bi sawun ɗan sama-jannati John Glenn lokacin da ya kewaya duniya sau uku a 1962, ya zarce da yadda a 1963 Shugaba Kennedy ya yi magana da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta waya ta hanyar tauraron ɗan'adam. Har muka wuce Kankiya ba su gama ba. Kai ma direba ka yi ta jefa masa tambaya, na lura, kuma na gane dalili. Allah ya kiyaye maka hanya, ya raba ka da ƙarfen nasara lafiya.

Ma'aikaciyar jinya ta dare, mai farin tabarau, wadda ta riƙa zuwa auna suga tana tafiya a hankali don kada ta tashe shi. Matar da ke jinyar mahaifiyarta a gadon kusa, da ta raba tabarmarta da ni. Yaron gidan Liman da ya riƙa zuwa bayan la'asar yana karanta wa Baba jarida tun kafin a yi aiki. Gwaggo da ta tare a gidanmu ta riƙe Inna. Kawu na Jibiya da ya sayar da ragonsa ya kawo kuɗin a ƙulle cikin leda. Mai gidana da ya riƙe yara bai taɓa nuna ƙosawa ba. Da jama'ar masallacinmu da ba su fasa sa shi cikin addu'a ba. Duk mun gani. Sai Inna, wadda ba za ta karanta wannan ba, ita da ta zama idonsa tsawon watannin nan, daga buta har tabarmar salla.

Akwai kuma waɗanda Baba ya riƙa tambayata su. Jininsa ne, wasu a zauren gidan nan suka kwana suka yi karatu da albashinsa na malamin makaranta. Hoton addu'ar da kuka turo ya iso. Ba kuɗi muka nema ba, muryarku yake so ya ji, ni kuma kullum sai in ce masa kuna gaishe shi. Zumunta a ƙafa take. Ƙofar gidan tana nan inda kuka san ta, kuma yanzu in kun zo zai gane fuskokinku.

Ya Allah, kai ka mayar wa Annabi Yaƙub ganinsa, mun gode maka da ka dubi wannan bawa naka. Ka cika masa lafiyarsa, ka sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Duk wanda ya taka ƙafa, ko ya buga waya, ko ya ba da sisinsa, ko ya ɗaga hannu cikin dare ba mu sani ba, ka haskaka masa rayuwarsa da kabarinsa. Ka ba marasa lafiyar da muka baro a asibiti sauƙi, musamman tsofaffin da muka gani ba mai jan hannunsu. Ka jiƙan malamanmu da suka riga mu, ka sa wa na raye albarka a ɗan abin da suke samu. Baba yana da buri ɗaya da ya daɗe yana faɗa: ranar Litinin, 2 ga Agusta 2027, za a yi cikakken husufin rana da inuwarsa za ta bi ta Masar ta ratsa Jidda da Makka. Yana so ya je Umra a lokacin, ya yi sallar kusufi a Harami. Ya daina ambatonsa da idon ya rufe, shekaranjiya ya sake tayar da maganar. Ku taya mu roƙo, Allah ya kai mu, ya hore abin tafiya. Amin.

Masu son zuwa dubiya, don Allah a bari sai bayan la'asar, kuma a taƙaita zama. Likita ya hana ƙura da hayaƙi, saboda haka ba ma kunna turaren wuta a ɗakin. Taimama yake yi, yana salla a zaune har sai an ba shi izini, kada wanda ya matsa masa a kan haka. A bar lemon kwalba da kayan zaƙi, sugan nan da ƙyar aka shawo kansa. 'Yan aji shida da yake duba wa darasi kafin jarrabawa, ya ce in gaya muku ku dawo bayan mako biyu, kowa ya zo da littafinsa da aikin da ya bar muku.

Wassalamu alaikum.

'Yarsa ta fari, a madadin Inna da dukkan iyali.