Takardu 400 a Kasuwar Farin Gada

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a sashen nazarin zamantakewa, na zaɓi in yi kundina a kan adashe tsakanin 'yan gwarin kasuwar Farin Gada da ke Jos. A gidanmu na Unguwar Rogo da kuɗin adashe aka yi wa yayyena mata kayan ɗaki, don haka gani nake na san harkar ciki da bai. Na tsara takardar tambayoyi da Turanci, na bi lissafin Taro Yamane na 1967 na fitar da yawan mutanen da za a tambaya, wanda ɗalibai da yawa ke jingina da shi. Lissafin nan, in ka bar wa kuskure kashi 5 cikin 100, komai yawan jama'a ba ya haura mutum 400. Na buga kwafi 400 cif, da kuɗin da na ranta wajen kawuna.

Malamin da ke duba aikina ya ce in fara gwada takardar a kan mutum 20. Na ce to, ban yi ba. Sauri nake.

Ranar farko, cikin sanyin Disamban Jos mai shiga ƙashi, na kutsa kasuwa da jaka a kafaɗa. Nan take mutane suka rabu biyu. Wasu suka yi mini caa, sun zaci sunayen masu tallafi nake ɗauka, wasu kuma suka kau da kai, wai ɗan haraji ne. Wani dattijo mai kabeji ya yafito ni, ya ce, "Ɗana, ka gaida shugaba kuwa?" Sai da na kai wa shugaban 'yan kasuwa wasiƙar sashenmu, ya haɗa ni da yaronsa, sannan bakuna suka buɗe.

Babbar ɓarnar kuwa a wajen fassara ta faru. Yawancin mutanen karanta musu ake yi, ni da abokaina biyu da ke taya ni, kowa yana juya Turancin zuwa Hausa yadda ya zo masa. A tambayar yawan mutanen da ke ƙarƙashin mutum, ni "gida" nake cewa, abokina yana cewa "iyali". Wanda na tambaya ya lissafo har da ƙannensa da matansu da 'yan haya, na abokina ya tsaya a mata da 'ya'ya. Da dare ina duba takardun na gane tambaya biyu muka yi ta yi da lamba ɗaya. Abin da masu ƙidaya ke nufi shi ne waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya, kuma da haka na faɗa tun farko, babu wanda zai ruɗe.

Tambayar "nawa kake samu a wata" ma ta ci tura. "Sai godiya," shi ke nan amsar. Kuma ban ga laifinsu ba: mutumin da kwandon tumatirinsa ke da farashi ɗaya da rani, wani dabam da damina, wane wata zai lissafa maka? Da na mayar da ita "nawa kake zubi a kullum, ku nawa ne, yaushe za ka kwasa", har wanda bai yi boko ba sai ya kawo lissafi tiryan-tiryan.

Sai ma'aunin Rensis Likert na 1932, mai hawa biyar daga "na yarda ƙwarai" zuwa "sam ban yarda ba". Na karanta wa wani Alhaji, "Adashe ya fi banki aminci." Ya ce, "Haka ne, Malam." Can gaba na karanta, "Banki ya fi adashe aminci." Ya ce, "Ƙwarai kuwa." Na ce, "Alhaji, ai sun yi karo." Ya yi dariya, ya ce, "Kai ne mai karatu, zan yi musu da baƙo?" Littattafanmu sun san wannan ɗabi'a ta amsa komai da i, amma ni sai a gaban tulin attaruhu na gane ta. Daga baya na daina karanta magana in nemi yarda, na koma tambaya kai tsaye: in ka sami kuɗi yau, ina za ka kai su?

Ƙabila, addini da unguwa su na jera a shafin farko. A garin da ya ga rikicin 2001 da na 2008 da na 2010, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Wata mata mai dankalin Turawa tana jin ta uku ta miƙo mini takardata ba tare da ta ce uffan ba. Ko ƙidayar 2006 ba ta tambayi ƙabila da addini ba, ni kuma na sa su a bakin ƙofa. Na mayar da su ƙarshe, na ce wanda ya ga dama ya tsallake.

Na sake aikin daga tushe. Mutum ɗaya ya fassara takardar zuwa Hausa, wani da bai ga ta asalin ba ya mayar da ita Turanci, muka gyara inda suka saɓa. Ƙanwata ta karɓi ɓangaren mata.

Takardun farko da aka riga aka cike, Inna ta ce a ba mai ƙosan layinmu. Na tuna na yi wa masu su alkawarin sirri, sai muka yi ta hura gawayi da su har sanyi ya wuce.